Duhu da hayaƙi: Abin da ke ɗaure hannun ƙananan hukumomin arewacin Zamfara kan matsalar makamashi

A shekarar 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda, kuma a nan ya tsaya. Kusan shekara ɗari bayan haka, wutar lantarki ma a nan ƙarfinta ke fara raguwa. Duk wanda ya wuce Ƙaura ya nufi Shinkafi ko Zurmi ya shiga yankin da ake kwashe lokaci mai tsawo ba a ga ƙyallin wutar gwamnati ba, ga kuma ɗimbin ƙauyukan da waya ba ta taɓa isa ba.

Mazauna yankin sun san farashin wannan duhu domin kullum suna biyan sa. Ana biyan mai shago kafin a yi cajin waya. Ana biyan kuɗin niƙa mai tsada saboda injin da mai yake aiki. Ungozoma na karɓar haihuwa da tocila. Uwargida kuma na tsugune gaban murhu tana share hawayen hayaƙi, da icen da kullum ƙara tsada yake yi.

Wannan shi ne abin da masana ke kira talaucin makamashi: gida ya rasa wutar da zai dogara da ita, ya kuma rasa hanyar girki mai tsafta wadda aljihunsa zai iya ɗauka. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kimanin 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar lantarki, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Rahoton talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022, wanda ya ce mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, ya sanya abin da ake girki da shi cikin ma'aunansa.

Gwamnatin da ta fi kusa da masu wannan hali ita ce ƙaramar hukuma. Ita ake fara kai wa kuka idan taransifoma ta ƙone, kuma shugabanta ake tarewa a wurin ɗaurin aure ko jana'iza. Amma idan aka bi diddigi, ita ce mafi ƙarancin iko a kan waya, da kuɗi, da ma'aikatan gyara, da kuma tsaron da aikin ke buƙata.

Abin da doka ta ba ta

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai kasuwanni da tashoshin mota da magudanan ruwa da fitilun kan titi, sannan akwai sa hannu a harkar ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Babu samar da wuta ko rarraba ta.

A watan Maris na 2023 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran kundin da ya bai wa jihohi damar samarwa da rarraba wuta. A watan Yuni na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki ta 2023. An sauko da iko daga Abuja zuwa manyan biranen jihohi, amma bai ƙarasa sakatariyar ƙaramar hukuma ba.

Wayoyin da ke kai wuta Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi suna hannun kamfanin Kaduna Electric, mai kula da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Kamfanin na da nasa ciwon. A watan Janairun 2024 Hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta rushe hukumar gudanarwarsa saboda bashin da ya kai Naira biliyan 110. Kamfanin da ke cikin wannan hali zai fi karkata inda zai tara kuɗi da sauri. Tun da aka ƙara wa 'yan rukunin Band A kuɗin wuta zuwa Naira 225 kan kowane ma'auni a watan Afrilun 2024, layukan birane masu masana'antu da manyan gidaje sun ƙara daraja a idon kamfanonin rarrabawa. Dogon layin karkara mai ratsa daji, mai tsadar gyara, mai ƙarancin masu biya, shi ne na ƙarshe a jerin gwano.

Don haka shugaban ƙaramar hukuma na iya sayen taransifoma, a yi bikin ƙaddamarwa da kiɗa da jawabai, amma ba shi da ikon sa a turo mata wuta. Ƙa'idar NERC ma ta ce kamfanin rarrabawa ne ke da alhakin samar da taransifoma da turaku da waya, kuma duk wanda zai zuba kuɗinsa a kansu sai ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin kan yadda za a mayar masa. A aikace ba kasafai ake bin wannan ba. Jama'a su yi karo-karo ko hukuma ta cire daga asusunta, kayan su koma ƙarƙashin kamfani, sannan a ci gaba da kawo takardar biyan kuɗin wutar da ba a sha ba. Taransifomar da ta daɗe babu wuta a jikinta kuwa ta zama abin farautar ɓarayin mai da jan ƙarfe.

Kuɗin da sai sun biyo ta Gusau

A tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi 774 na da kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya. Sai dai sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta nan kuɗin suka riƙa bi shekara da shekaru a duk faɗin ƙasar. Kafin su isa sakatariya an cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarautu, da gudunmawar ayyukan haɗin gwiwa da jiha. Abin da ya rage shi ne ake sa ran ya gyara rijiya, ya share kwata, ya tallafa wa 'yan gudun hijira, ya kuma ciyar da masu aikin tsaro.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Zamfara ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumominta 14 a watan Nuwamban shekarar. Amma aiwatar da hukuncin a matakin ƙasa ya yi ta jan ƙafa, musamman batun buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya, har ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE ta sha kokawa a kai.

Ko da kuɗin sun zo kai-tsaye, akwai wani nauyin. Mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 70,000 a 2024, kuma faɗuwar darajar Naira ta sa farantin sola da batir da inbata, waɗanda galibi shigo da su ake yi, sun yi tashin gwauron zabo. Harajin cikin gida kuwa daga kasuwa da tasha da kara yake fitowa. Kasuwar Shinkafi ta yi suna tun da daɗewa wajen jawo fatake daga Sakkwato da Katsina da Jamhuriyar Nijar, amma kasuwa ba ta cika idan hanya ba ta biyuwa.

Aikin makamashi na buƙatar kuɗin da za a iya dogara da zuwansu na shekara biyar ko goma. Hukumar da ba ta san nawa za ta samu a wata mai zuwa ba, da wuya ta sa hannu a irin wannan alƙawari.

Fitilar da ke mutuwa bayan biki

Babu aikin da ya fi farin jini a wurin 'yan siyasa kamar fitilun titi masu aiki da hasken rana. Ana kafa su cikin 'yan kwanaki, ana ganin su daga nesa, suna kuma kyau a hoto. Ƙananan hukumomi na yi, 'yan majalisa na yi da sunan ayyukan mazaɓu, hukumomin tarayya ma na yi. Kuma suna da amfani: mai shayi da mai tsire da mai kanti na ƙara sa'o'in ciniki, ɗalibi na samun inda zai yi bitar karatu, unguwa na rage fargaba.

Matsalar tana zuwa ne daga baya. Batir shi ne ran fitilar, kuma zafi ne babban maƙiyinsa. A wannan yanki zafin bazara kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, abin da ke rage kwanan batir, musamman mai arha. Ƙurar hunturu na lulluɓe farantin ta rage ƙarfin da yake tarawa, sai an samu mai gogewa. Idan ɗan kwangila ya sa kayan da ba su kai ba, fitilar da aka ce za ta kwana a kunne sai ta fara mutuwa kafin tsakar dare, daga baya ta daina kamawa gaba ɗaya.

A lokacin nan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Kasafin kuɗin bana na da layin sayen sabbin fitilu, amma ba shi da layin canza batir na tsofaffi, domin ba a yanka kyalle a kan gyara. Sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, wanda ya fi sabawa da gini da kwalbati, sau da yawa ba shi da ƙwararre kan sola, ba shi da motar zagaye, ba shi da ko rajistar da ta nuna fitila nawa ke akwai da wanda ya kafa su. Idan aikin na ɗan majalisa ne, hukumar kan ce ba nata ba ne. Ɗan majalisar kuma wa'adinsa ya ƙare. Haka turaku ke tsayawa a bakin titi kamar shaidar abin da aka taɓa yi.

Wannan cuta ɗaya ce ke kama rijiyoyin burtsatse masu sola da firjin ajiye alluran rigakafi, waɗanda dole su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ƙaramar na'ura ɗaya ta lalace, aikin miliyoyi ya tsaya.

Inda injiniya ba ya iya zuwa

Duk waɗannan matsaloli ana samun su a wasu jihohi. Abin da ya bambanta arewacin Zamfara shi ne rashin tsaro. Shinkafi na iyaka da gabashin Sakkwato, Zurmi na iyaka da Katsina da Nijar, kuma dazukan da ke tsakani sun daɗe da zama mafakar 'yan bindiga, ciki har da Bello Turji wanda sunansa ya fi fitowa a yankin Shinkafi.

Layin wuta na bin daji ne. Idan iskar damina ta kayar da turke a tsakiyar hanya, sai an samu ma'aikatan da za su yarda su je, da jami'an da za su raka su. Ɗan kwangila na ƙara kuɗin haɗari a kan farashinsa, ko ya ƙi aikin baki ɗaya. Jami'in da ya kamata ya duba ko an yi aikin da kyau kan sa hannu daga ofis. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: inda ba a iya zuwa duba aiki, nan aikin jabu ya fi samun gindin zama.

Kayan more rayuwa su kansu ba su tsira ba. A watan Afrilun 2024 'yan bindiga sun shiga garin Zurmi, suka kai hari fadar sarki, suka kuma ƙona turken sadarwa na MTN. A watan Oktoban shekarar, lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a wani layin sun jefa mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki, ciki har da Zamfara.

Hatta matakan tsaro na taɓa makamashi. A watan Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita sayar da shi ga Gusau da hedikwatocin ƙananan hukumomi, aka kuma katse layukan sadarwa. An yi haka ne don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai. Amma a jarka mai niƙa na ƙauye da mai ban-ruwa a fadama da mai cajin waya ke sayen nasu man. Bayan an sassauta, sai cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ya zo, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Janareta, wanda shi ne wutar talaka mai sana'a, ya fi ƙarfin mutane da yawa.

Murhun da ba a sa shi a kasafi

Idan ana maganar makamashi a taron siyasa, wuta ake nufi. Amma makamashin da kowane gida ke amfani da shi safe da yamma shi ne na girki: ice, gawayi, karan dawa, wani lokaci busasshen kashin shanu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida na sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 duk shekara a duniya, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar sa.

A nan ma tsaro ya canza lissafi. Dajin da ake shiga a yo ice kyauta ya zama wurin da ake tsoron a sace mutum. Mutanen ƙauyukan da aka tarwatsa sun taru a manyan garuruwa, buƙatar ice ta ƙaru, bishiyoyin kusa da gari na ƙarewa. Zamfara na cikin jihohi 11 da ke sahun gaba a shirin Babbar Koriyar Ganuwa na yaƙi da kwararowar hamada, amma ana dasa bishiya da hannu ɗaya ana sare ta da ɗayan, domin tukunya ba ta jira.

Kuɗin ice na fitowa ne daga aljihun da kuɗin hatsi ke fitowa. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin biyu, ta gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. A gidan da ke cikin wannan hali, tukunyar gas da kuɗin cika ta mafarki ne.

Abin mamaki, wannan ne fannin da ƙaramar hukuma ta fi iya taɓukawa ba tare da neman izinin kowa ba. Ingantaccen murhu mai cin ice kaɗan ba ya buƙatar lasisin NERC, kuma maƙera da magina tukwane na gari za su iya yin sa idan an koya musu. Sai dai shirye-shiryen rabon murhu kan faɗa ramin da rabon taki da shinkafa ke faɗawa: jerin sunaye daga hannun 'yan siyasa, rabo sau ɗaya, babu mai komawa ya ga ko ana amfani da shi. Matan da za su yi girkin kuwa ba a cika tambayar su wane irin murhu ne zai ɗauki tukunyar tuwon gida mai mutum goma sha biyar ba.

Akwai kuɗi a sama, babu tsani

Ba a rasa shirye-shirye ba. Hukumar Samar da Wuta a Karkara, REA, ta gudanar da shirin da Bankin Duniya ya zuba wa Dala miliyan 350, Bankin Raya Afirka ya ƙara miliyan 200. A watan Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da wasu Dala miliyan 750 don shirin DARES, da burin isa ga 'yan Najeriya miliyan 17.5 ta hanyar ƙananan tashoshin sola da na'urorin sola na gida.

Amma tsarin ba ya ba ƙaramar hukuma kuɗi a hannu. Kamfanoni masu zaman kansu ne ke zaɓar gari, su zuba jarinsu, su kafa tasha, sannan su karɓi tallafi gwargwadon gidajen da suka haɗa. Ɗan kasuwa zai tambayi abu uku: mutanen nan za su iya biya? Akwai masu niƙa da walda da firji da za su sha wuta da rana? Kayana za su kwana lafiya? Garin da mazaunansa ke biyan harajin 'yan bindiga kafin su yi girbi, ko suke iya watsewa cikin dare ɗaya, ba ya cin wannan jarrabawa. Ta haka waɗanda suka fi kowa buƙata ke zama na ƙarshen samu.

Ƙaramar hukuma na da rawar da za ta taka a nan. Ita za ta iya samar da fili, ta haɗa kamfani da hakimai da masu unguwanni don yarjejeniyar da ƙa'ida ta tanada da al'umma, ta kuma ba da bayanan gidaje da sana'o'i. Sai dai hakan na buƙatar jami'in da ya san shirin, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a Abuja, kuma yana da alƙaluma a rubuce. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, kafin rikicin ya sauya taswirar ƙauyukan yankin.

Abin da ke iya yiwuwa

Ƙaramar hukuma ba za ta iya gyara Kaduna Electric ba, ba kuma za ta kori 'yan bindiga daga daji ita kaɗai ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma akwai abubuwan da ke cikin ikonta.

Na farko shi ne ƙirga abin da ke ƙasa: fitila nawa, rijiya nawa, firjin asibiti nawa, wanne ke aiki, wanne ya mutu, me ya kashe shi. Sau da yawa farfaɗo da tsohon aiki ya fi sayen sabo arha. Na biyu, kada a biya ɗan kwangila duka kuɗinsa sai aikin ya ga bazara da damina yana aiki, kuma a rubuta kuɗin gyara a kasafi tun ranar da aka amince da aikin.

Na uku shi ne zaɓen inda za a fara. Ɗakin haihuwa, firjin rigakafi, rijiyar gari da kasuwa suna cikin gari inda ido ke kansu, kuma suna amfanar har da 'yan gudun hijira. Rumfar kasuwa mai sola da 'yan kasuwa ke biyan kuɗi kaɗan kullum na iya riƙe kanta, domin ƙungiyarsu ta saba tara kuɗi da tsare kayanta.

Na huɗu, masu gyara su zama 'yan gari. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda na nan tun 1983 tana koyar da fannonin injiniya. Matashin Moriki ko Jangeru da ya koyi haɗa sola da gyaran inbata ba ya buƙatar rakiyar sojoji kafin ya isa unguwarsu. Ƙananan hukumomin uku, da maƙwabciyarsu Birnin Magaji, na iya haɗa hannu su ɗauki nauyin horon, su kuma tunkari REA da gwamnatin jiha da murya ɗaya.

Sauran aikin na masu zaɓe ne. Hukuncin Kotun Ƙoli ya sa shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli sun rage wurin fakewa, kuma alƙaluman kason da ake ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata ana wallafa su, mai waya a hannu na iya nema ya gani. Idan an zo ƙaddamar da sabbin fitilu, jama'a na da haƙƙin su nuna na bara da suka mutu, su tambayi wanda aka ɗora wa gyaransu da kuma nawa aka ware.